Raibozom Bakwai na Ɗangiwa

Shekara ashirin da fuɗu Ɗangiwa ka hawa tudun bayan unguwarmu, nan Tambuwal, duban jinjirin wata. In yac ce ya gani, mai unguwa ya kai labari gaba. Ba a biyan shi ko sisi, amma yana ji da aikin nan fiye da gonarshi.

Sai bara ya nuna wa jama'a jirgin sama yac ce wata ne. Tun rannan taubashinshi Atu, mutumin Kebbe da ya dawo cikinmu da sayar da albasa, yas sa shi gaba.

"Bawana, idonka ya mutu, sauran jana'iza. A ba ni aikin."

Mai unguwa yac ce zai yanke magana kafin azumi.

Ana haka aka kawo wa makarantar 'yan mata madubin ƙara girman abu, aka kira mu dattawan kwamitin iyaye mu gani. Munka tafi mu fuɗu: ni, mai unguwa, da waɗannan tsofaffi biyu marasa kunya.

Malama Hanifa mai koyar da kimiyya ta ɓare fatar albasa siririya, ta shimfiɗa bisa ɗan gilashi, ta ɗiga ruwan aidin don ya rina ta, ta tura ƙarƙashin madubin. Mai unguwa ya leƙa.

"Ikon Allah! Ɗakuna jere kamar ginin bulo, kowane da ɗigo a ciki."

"Su ne ƙwayoyin halitta, Baba," in ji ta. "Ɗigon shi ne cibiyar da ke ba da umarni. Akwai wasu ma'aikata a ciki, ana ce musu raibozom, su ke ƙera abin gina jiki. Amma su ƙanƙantarsu ta wuce wannan madubi. Ba idon da zai gan su a nan, sai da wani babban inji."

Ɗangiwa ya gyara hula. "Ba idon da mi, ɗiyata?"

Daidai nan fatar ta naɗe. Malama ta zare gilashin ta koma bakin taga tana gyarawa. Mai unguwa ya ga ta zare, ya ƙi tonawa, don mutum ne mai son kallo.

Ɗangiwa ya ɗora ido, ya daɗe, har da riƙe numfashi.

"Ga su nan! Bakwai nika gani. Baƙaƙe, suna iyo."

"Ƙarya kaka yi. Matsa!" Atu ya ture shi ya leƙa. "To, akwai su. Amma tara ne. Ka bar biyu can lungu, makaho."

"Biyun nan ƙanana ne, ban ƙidaya yara."

"Ga wani ma da wutsiya."

"Wanga shi na babbansu, tun ɗazu nig gane shi. Albasar Kebbe ce, dole su yi wutsiya."

Mutane masu jikoki, suna musu a kan wutsiyar abin da ba su taɓa jin sunanshi ba sai yau! Na ji kunya ƙwarai.

Mai unguwa yac ce, "Malam Siddiƙ, kai ma duba muna."

Na duba. Fari fat.

"Ranka shi daɗe, ni ban ga komi ba."

Sannan Malama ta juyo da gilashin a hannunta. "Baba, me kuke kallo? Ai albasar ga ta nan."

Ɗangiwa ya ɗaga kai ya dubi bango, yac ce a hankali, "To ga su nan ma ga bango."

Malama tac ce waɗannan ɗige-ɗigen cikin idonshi suke, tsufa ke kawo su, ya je a auna shi. Atu kuwa, da aka tambaye shi ina nashi taran, sai yac ce ya bar albasa a rana, ya fita ba sallama.

"Mai duban wata," in ji mai unguwa, "shi ne wanda in bai gani ba zai ce bai gani ba. Malam Siddiƙ, aikin naka ne."

Da Malama ta mai da gilashin na sake leƙawa. Fari fat, kamar ɗazu. Ni ko ɗakunan ban gani ba. Rabona da zura zare a allura shekara goma.

Washegari na tafi gidan Ɗangiwa. Ya ƙi amsa sallamata sai a ta uku. Nac ce mishi ya tashi mu tafi asibiti a auna muna ido. Munka hau babur ɗaya, munka dawo kowa da tabarau.

Ran ashirin da tara ga Sha'aban munka hau tudun tare. Sharaɗin da munka yi shi ne, shi ya duba, ni in tambaya.

"Ga shi can!"

"Yana iyo?"

"A'a."

"Yana da wutsiya?"

"Siddiƙ, ka kiyaye ni."

Na bi yatsanshi. Ga jinjirin wata tsaye, guda ɗaya tak.

"Sauka ka gaya wa mai unguwa," nac ce. "Kai kag gani."