Kujerar Baƙo

Tun da Markus ya sauka Suleja babu wanda ya ce masa ga ruwa. Kamfanin inshora ne ya turo shi daga Kaduna, ya binciki motar katakon Alhaji Sama'ila da aka ce ta kama wuta a hanyar Izom. Da ya doshi tasha sai hirar direbobi ta mutu. Shi kaɗai yake cin tuwonsa a ɗakin haya a Kwamba.

Ya je ya tona tokar ƙonanniyar motar. Katifar kujera takan ƙone, amma ƙarafunan cikinta sukan rage. A mazaunin direba bai ga ko ɗaya ba.

Ran Juma'a sai Alhaji da kansa ya tare shi a hanya.

"Haba Malam Markus, baƙo ya yi ta cin abinci shi kaɗai a garinmu? Zo mu je gida."

Suka shiga zaure, aka kawo sakwara da miyar agushi. Alhaji ya ce baƙo ba zai zauna a tabarma ba, ya sa aka fito da kujera mai laushi daga cikin gida. Markus ya zauna, hannunsa ya taɓa ƙasanta, ya ji ramukan kusoshin da ke riƙe ta a jikin mota: kujerar direba ce, an cire ta tun kafin gobarar. Ko ƙaurin hayaƙi ba ta yi.

"Ci mana," in ji Alhaji, yana tura masa tsokar nama.

Markus ya ci a hankali, don ya san babu mai sake kiransa cin abinci a garin nan.