Allon da Malam Bulo Ya Daina Gani

Ɗalibai suna kiransa Malam Bulo, shi ma ya sani, bai kuma damu ba. Shekara ashirin da biyu yana koya wa ɗaliban jami'a yadda ake gina manhajar kwamfuta daga ƙananan abubuwa, kowane abu da siffofinsa da aikinsa. A laccar farko ta kowace shekara sai ya shigo da akwatin buga bulo na katako, ya dire a kan tebur.

"A ilimin manhaja, wannan akwatin shi ake kira aji," in ji shi. "Bulon da ya fito daga ciki shi ne abu. Akwati ɗaya, bulo dubu. Wanda bai gane ba ya zo ya ɗaga, nauyin zai fahimtar da shi."

Sai ciwon ido ya kama shi, daga gefe ya fara cinsa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an zo a makare. Ban da matarsa babu wanda ya gaya wa. Ya haddace misalansa layi-layi, ya ƙara girman rubutun kwamfutarsa, ya ce saboda 'yan kujerar baya ne.

Wata Talata da safe yana ɗakin kwamfutoci, yana rubuta misalin manhajar ɗakin karatu, majigi na haska rubutun a allon bango. Yatsunsa suka zame zuwa maɓallan gefe bai sani ba. Ya ci gaba da bugawa yana bayani da ƙarfin murya, alhali abin da ke fitowa tarkacen haruffa ne. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa.

Wata ɗaliba a layin gaba ta ce, "Malam, abin da ke allo ba shi kake faɗa ba."

Ya juya. Farin haske kawai ya gani.

"Karanta min, 'yata."

"Ba ya karantuwa, Malam."

Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce su tashi.

Shugabar sashen tsohuwar ɗalibarsa ce. Da kanta ta ja masa kujera a ofishinta.

"Haba Malam, ni za ka ɓoye wa? Sai mu haɗa ka da wanda zai riƙa buga maka, kai ka yi ta bayani."

"Bayani ba shi ne damuwata ba," in ji shi. "Ayyukan zangon da ya wuce, ni na duba su, guda sittin da huɗu. Rabi da ido, rabi da zato. Ki sa a sake dubawa."

"Ka san abin da hakan zai jawo maka?"

"Na sani."

Aka sake dubawa. Ashe ɗalibai biyu Malam ya kayar ba bisa ƙa'ida ba. Ɗayan yana nan, aka gyara masa makinsa. Ɗayan kuwa, wani dogo mai in'ina da ke zama kusa da taga, faɗuwarsa ta uku ke nan a zangon, har jami'a ta sallame shi wata huɗu da suka wuce. Manhajarsa lafiya lau take aiki. Hanya ce ya bi daban da wadda Malam ya haddace.

Malam ya ajiye aiki a ƙarshen watan. Shugabar ta ce an yarda ɗalibin ya dawo, za a tura masa takarda. Ya ce a ba shi lambar wayar, shi zai fara kira.

Matarsa ce ta danna masa lambar, suna zaune a falo da hantsi. Mahaifin ɗalibin ya ɗauka. Malam ya faɗi ko shi wane ne, ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba.

Dattijon ya ce, "Ai ya sayar da kwamfutar, Malam. Yana tuƙin babbar mota yanzu, sai ya yi sati uku ban sa shi a ido ba. Zan gaya masa. Amma ranar da ya dawo gida da kayansa, cewa ya yi shi dama ba shi da kan karatu. Ni ma na yarda, har faɗa na yi masa."

"Yana da shi," in ji Malam. "Don Allah ka gaya masa yana da shi."

"To, zan faɗa."

Bayan an kashe wayar Malam bai sauke ta daga kunnensa ba, sai da matarsa ta zare ta a hankali.

"Baban yara, shayinka ya huce."

Ɗalibin bai dawo ba a zangon da ya biyo, bai kuma kira ba.