Aljihun Kwat ɗin Lauya

Baba ya yi shekara arba'in yana ɗinki, kuma a gidanmu ba a gama kallon fim a tashi haka kawai, sai ya yanke hukunci. Shi labari bai dame shi ba, tufafi yake kallo. Jarumi na kuka har da majina, mu ma mun fara matsar ƙwalla, sai ka ji Baba ya ce, "Ku dubi wuyan rigar nan. Wanda ya yanka ta da yunwa ya yanka." Ya sha ɓata mana kuka, mun sha yi masa ƙorafi.

Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, maganar nan ce ta fara ɗaukewa. Likita ta ce mu yi ta jan shi da hira, in aka bar harshe a kwance zai saba da kwanciya. To amma Baba mutum ne mai zuciya. Sau ɗaya ya gwada kiran Umma, kalmar ta fito a murɗe, tun daga nan ya kulle bakinsa. Wata biyu cur. Ni kuwa tsoro ya cika ni, kada a ce na riga na ji maganarsa ta ƙarshe ban ma sani ba.

Kallo ne kawai ya rage mana. Na ɗora talabijin a kan teburin tsohon kekensa na ɗinki, daidai ƙafar gado. Fim goma sha ɗaya muka kalla, kowanne ya ƙare shiru kamar an yi ruwa an ɗauke.

Ran Asabar da hantsi, bayan na shafa masa magani a ƙafa, na zauna a bakin gadon.

"Baba, finafinai sun taru ba hukunci. Tunda ka ƙi, yau ni ce alƙali."

Ya kalle ni ta gefen ido.

"Na matuƙin jirgin ruwan nan, tsawo kamar layin asibiti. Sau biyu na yi barci." Ya ɗaga gira, alamar ya yarda. "Na 'yan fashi, hayaniya ce zalla, an ɓata motocin mutane a banza. Na tsohuwar da akuyarta ta ɓata, wannan kam na yi kuka, kuma ban ji kunya ba. Na likitocin nan kuwa, duk wanda ya yi tari a farko ka yi masa addu'a, ba zai kai ƙarshe ba."

Kafaɗarsa ta motsa. Dariya ce, ko da babu sauti. Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta jingina da ƙofa.

Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya har na iso na ƙarshe. Allah ya sani ba da wata dabara na faɗa ba, abin ya burge ni ne da gaske.

"Na lauyan nan, labarin ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma kwat ɗinsa, Baba! Wannan ɗinki ya yi, ba inda za ka kushe."

Fuskarsa ta canza. Ya bugi katifa da lafiyayyen hannunsa. Na zabura zan ɗauko ruwa, na ɗauka ciwon ne ya motsa.

"Al... aljihu."

Na tsaya cak.

"Ya... kar... kace." Ya ja numfashi, yana harara ta. "'Yar tela... ba ki... gani ba?"

Ludayin Umma ya faɗi ƙasa. Ni kuwa na maido fim ɗin baya, na tsayar da shi a inda lauya ya miƙe a kotu. Ga aljihun ƙirji nan, a karkace kamar an jingina shi da bango. Shekara talatin ina cin abinci daga allura da zare, ban gani ba.

"Ka yi gaskiya, Baba," na ce, hawaye na shiga mini baki. "Ka yi mini afuwa."

Ya nuna talabijin da haɓa. "Sauran... goman."

Ban san telan da ya ɗinka kwat ɗin nan ba, ba zan taɓa saninsa ba. Amma har yau ina saka shi a addu'a. Baba ya ji ni ran nan, ya ce in roƙa wa telan lafiya da arziki, ban da kasuwa.