Wadda ta ba Ma'azu nono

Da na haifi Ma'azu a Barmu, zazzaɓi ya kwantar da ni har ban san inda kaina yake ba, nonona kuma ya ƙafe. Innata Hajaratu ce ta riƙa kai jaririn gidan wata mai jego yana sha. Da na warke ban tambayi ko wace ce ba. Inna tana nan, mene ne na gaggawa?

'Yan shekaru bayan tafiyar Nasara, wato Turawan mulki, Ma'azu ya nemi auren Saratu, ɗiyar marigayiya Talle. Lokacin kan Inna ya fara rikicewa. Takan ɗora tukunya babu ruwa, takan kira ni da sunan yayarta. Ranar da Saratu ta kawo mata fura, mata cike da gida, Inna ta dube ta ta ce, "Ke ce ta Talle? Uwarki ta ba Ma'azu nono."

Maganar ta kai kunnen liman. Ya ce in haka ne wa da ƙanwa ne, ba zai ɗaura ba sai an tabbatar.

Na durƙusa gaban Inna. "Inna, don Allah, wa ta shayar da Ma'azu?"

"Wane Ma'azun?"

Washegari ta ce Talle. Wata rana ta ce wata mata ce, Kadidiya. Wata rana ta yi dariya ta ce, "Ke kika shanye, dubi kumatunki!"

Sai na shiga bin tsofaffi. Kaltumi ungozoma na tarar an kare mata ƙofa da ƙaya don kada ta ɓace. Ta tambaye ni ko na ga awakinta, waɗanda suka mutu tun ina budurwa. Kawu Alƙasum na garin Bambai ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya ce, "Baƙuwa, daga ina?" Ban taɓa lura ba sai lokacin: gida kaɗan na shiga babu irinsu a ɗakin baya. Iyalansu su ce, "Tsufa ne," su raka ni waje.

Liman bai ɗaura ba. Saratu ta yi aure a Takanamat. Ma'azu ya hau mota a Tawa ya tafi cin rani, bai dawo ba.

Inna ta rasu da damina. Kafin ta cika, ina riƙe da hannunta na sake tambayarta. Ta ce in rufe ƙofa, kaji za su shigo.