Gwiwar Wendell Tarver

A kakar 1967 babu wanda ya kai Wendell Tarver gudu da ƙwallo a kwalejinmu, irin ƙwallon nan da ake rungumewa a hannu ana banke juna. Ɗakinmu ɗaya da shi. Ni Lyle, aikina a fili in buɗe masa hanya shi kuma ya wuce. Ubansa manomin auduga ne, ba don ƙwallon ba da bai ga ƙofar kwaleji ba. A watan Agusta aka kawo gawar yayansa daga yaƙin Vietnam.

Ranar babban wasanmu gwamna ya zo. Tazarce yake nema, jawabinsa kaf a kan goyon bayan yaƙin ne. Aka jera mu yana bi yana ba kowa hannu, masu hoto na biye da shi. Da ya zo kan Wendell, sai Wendell ya mai da hannayensa baya. Gwamna ya tsaya da hannu a miƙe, ya yi yaƙe, ya wuce. Kashegari hoton ya fito a jarida.

Koci Orval Boggs bai kore shi ba, don korar za ta jawo surutu. So yake Wendell ya ajiye wasan da kansa. Wanda ya ajiye, tallafin karatunsa ya tafi, wanda kuwa ya bar kwaleji a lokacin, takardar kiran soja ce ke bin sa gida.

Ran Litinin a wurin atisaye Koci ya busa usur.

"Tarver, shiga tsakiya. Tunda hannunka ya fi ƙarfin gaisuwa, bari mu ga ƙirjin."

Mu arba'in muka zagaye shi. Koci zai kira lambar riga, mai lambar ya kwaso da gudu ya banke shi, kafin ya miƙe an kira wata.

"Daga ƙugu zuwa sama," in ji Koci. "Duk wanda ya taɓa masa gwiwa ya kwashe kayansa. Soja ba sa ɗaukar gurgu."

Wasu suka yi dariya. Ni ne lamba sittin da huɗu, kuma kullum sai an kira ni sau uku.

Rana ta shida muna ɗakin cin abinci, Wendell ya kasa ɗaga cokali. Fitsarinsa ma jini ne. Ya matso kusa da ni.

"Lyle, gobe in ya kira ka, sunkuyo ƙasa. Gwiwata ta hagu. Sau ɗaya kawai."

"Ka haukace? Karya ka fa zan yi."

"To me nake roƙonka? Mamata ba za ta iya binne biyu ba."

Na ce to. Kashegari Koci ya kira sittin da huɗu. Na taho, na ga Wendell ya ɗan turo ƙafar hagun gaba, ya rufe ido. Na tuna ni ma in aka kore ni takardar nan ce ke jirana. Na doke shi a ƙirji, da dukan ƙarfina. Yana kwance ya dube ni ta cikin kwalkwalin wasa. Kwana uku bayan nan ya miƙa rigarsa, ya hau motar garinsu ba sallama.

Shekarar muka ci kofi. Kafin kaka ta zagayo aka ɗauki Wendell soja, aka kashe shi a Vietnam, wata biyu da saukarsa can.

Koci ya zaɓi mu shida mu je mu ɗauki akwatin gawar, ya ce mu sa rigunan ƙungiya don a san daga ina muke. Bayan an dawo daga maƙabarta aka taru a gidansu. Mahaifiyarsa, ƙaramar mace mai furfura, ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wane ne Lyle a cikinku?"

"Ni ne, Mama."

Ta kama hannuna da hannayenta biyu. "Kullum zancenka yake. Ya ce duk kwalejin kai kaɗai ne nasa. Zauna nan kusa da ni, ɗana."

Ta zuba mini soyayyiyar kaza da wake da kanta, ta zauna tana kallona har na cinye.