Dodon da Iya Ba Ta Yi wa Kai Ba

"Kin sake ɓata shi," in ji Iya mai tukwane, ta ture takardata da bayan hannu. "Wa ya ce miki kunnensa a sama yake?"

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata. Ni malamar zane ce a makarantar unguwa, amma a bakin tabarmar Iya ɗaliba nake, daƙiƙiya ma kuwa. Tun rani nake zana dodannin da take ginawa da ragowar yumɓu: akuya mai fikafikan jemage, kifi mai ƙafar kaza, kura mai baki biyu. Ba ta gasa su, wai wuta ta tukunya ce. Sai da na yi ta zana su na lura kowanne yana da ɗan rami a ciki, gurbin babban yatsanta.

Na ƙarshen yana kan taga, jiki ya kammala, babu kai. Ciwo ya riga ya kama mata hannuwa.

"Tunda hannu ya ƙi, ki zana min kan in gani kafin in tafi."

"Ina za ki, Iya? Ke da ko zaure ba kya kaiwa."

"Ja'ira. Gyara kunnen."

Na goge, na sake. Ta ce idon ya yi girma. Kashegari ta ce bakin na kare ne. Har takardar ta huje, raina ya ɓaci.

"Haba Iya! Abin da babu shi a duniya, ta ina zan san kamanninsa?"

"Ni ta ina na sani? Ke da ido kike nema, 'yar nan. Ɗauko shi."

Ta kama yatsana, ta ɗora a ramin cikinsa. Ta ce in rufe ido in bi wuyan, zai faɗa min inda ya nufa. Na ji wuyan ya karkata hagu, kamar mai sauraro. Ashe shi ya sa kunnen yake ƙasa.

Na koma gida na zana shi a sabuwar takarda, ban goge ko sau ɗaya ba. Na ce bari ta huta, da safe na kai mata. Wannan "bari" ita ke cin raina har yau.

Da safe surukarta ta tare ni a zaure, idanu jajur.

"Malama, sai haƙuri. Iya ta cika."

Na tsaya riƙe da takarda, na rasa inda zan ajiye ta.

Bayan an share makoki, ɗanta ya kawo min dodon a cikin kwano. Na ɗora shi a tagata, na jingina zanen a bayan wuyansa. In ka shigo daga ƙofa, sai ka ga kamar yana da kai.