Fensirin Manny

Hilda Baumel ta tsoma buroshi a tawada, ta cire, ta sake tsomawa. Ta tashi ta buɗe taga, hayaniyar unguwar Manhattan ta shigo, ta rufe. Zama ya gagare ta.

Shafin ƙarshe na Kaftin Tururi ne a gabanta, jarumin labarin zane da ke fitowa daga ramukan titi yana tunkarar 'yan fashi. Fitowa uku ya yi a mujalla, kuma gaskiya ba wanda ya damu da shi. Ƙanenta Manny ne ya ƙirƙiro shi. Shi ke zanawa da fensir, ita ta bi layinsa da baƙar tawada. In ta bushe, sai a goge fensirin tas da roba, don kada ya fito dishi-dishi wurin bugawa. Haka aikin yake a ko'ina.

Wannan shafin Manny ya zana kafin ya tafi yaƙi. Makon jiya aka ce jirgin ruwansu ya nitse.

Ta daure ta gama tawadar. Ta ɗauki roba, hannu ya ƙi. Ga inda ya zana hannun Kaftin sau biyu don bai gamsu ba, ga tambarin babban yatsansa a gefe. Zanensa na baya duk ita ta goge da hannunta, ko a jikinta. Wannan kaɗai ya rage, kuma tsoro ya kama ta.

Mista Dombrowski, mai mujallar, ya banko ƙofa da sigari a baki. Mutum ne da ko gaisuwa sai ya yi ta da faɗa.

"Hilda, motar maɗaba'a na ƙasa! Ina shafina?"

"Ga shi."

"Wannan ƙazantar fa? Ba ki goge ba? Yau kika fara aiki?"

"Ba zan iya ba, ranka ya daɗe."

"Ba za ki iya ba! To, gimbiya, kawo nan."

Ya fizgi robar, ya ja ta sau ɗaya a kan kafaɗar Kaftin. Hilda ta ƙwalla ƙara kamar wadda aka taka wa yatsa.

"Manny ne fa! Hannunsa ne!"

Dombrowski ya tsaya. Ya dubi ɓurɓushin robar a kan takarda, ya ɗaga hannu zai kaɗe, ya fasa. A ƙasa direba sai danna ham yake yi.

"Yaron nan bai taɓa kawo min aiki a kan lokaci ba," ya ce. Ya jefa robar cikin aljihu. "A kai shi haka. Wa ma yake karanta Kaftin Tururi?"

Da mujallar ta fito, Hilda ta yi ta zagaye rumfunan jarida har ƙafa ta gaji, kafin ta same ta a ƙasan tari. Ta buɗe shafin ƙarshe. Kowane layi da inuwar toka-toka a bayansa, Kaftin kuma da hannun dama biyu.

Tsohon mai rumfar ya leƙo. "Kai, bugun nan ya lalace, baiwar Allah. Ajiye, in ba ki wani jarumin mai kyau."

"A'a, baba," ta ce. "Wannan nake so."